RANDA, GISHIRI DA TSAIKON ƘARFE

Karatun sanin abubuwa, aji na shida

1. Ruwan randa

Watan Afrilu ne a birnin Yamai. Rana ta take. Ma'aunin zafi ya wuce digiri 40. Ƴan garuwa suna tura amalanke cikin unguwanni, jarkokinsu sun yi zafi kamar an ɗora su bisa wuta. Yara sun taso daga makaranta, kowa maƙogwaronsa ya bushe. Da isarsu gida ba su nufi jarka ba, ba su nufi bokiti ba. Randa suka nufa, wadda ke ƙarƙashin rumfa. Ruwanta da sanyi.

Jarka da randa a inuwa ɗaya suke. Ruwan famfo ɗaya aka zuba musu da safe. To, me ya sa na randa ya yi sanyi, na jarka bai yi ba?

Amsa tana jikin randa. Duk wanda ya shafa bayanta zai ji laima. Jikinta cike yake da ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana bin kafofin nan kaɗan-kaɗan har ya fito waje. Iska ta busa, ruwan ya zama tururi, ya tashi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya sami zafi. Zafin nan daga jikin randa yake ɗibarsa, da ruwan da ke cikinta. Haka zufa take sanyaya jikin mutum. Jarkar roba ba ta da kafa ko ɗaya, saboda haka ba ta zufa, ba ta sanyaya ruwa.

Randuna da tuluna da yawa da ake saidawa a Yamai daga Bubon suke zuwa. Bubon ƙauye ne a bakin kogin Isa, kimanin kilometir 25 daga Yamai, kasuwarsa tana ci ran Laraba. Matan garin sun shahara da ginin tukwane. Maginiya ba ta auna kafofi da ma'auni, amma ta san sha'aninsu. A wurare da yawa magina sukan cuɗa yumɓu da dakakken tsingaro, ko da ƙaiƙayi. In an gasa tukunya, ƙaiƙayin ya ƙone, gurbinsa ya zama kafa. In kafofi sun yi yawa, randa ta yi ta yoyo. In sun toshe, ruwa ba ya sanyi. Gwanintar maginiya ita ce ta sami tsaka-tsaki.

A jihar Jigawa ta Nijeriya, wani malami mai suna Muhammad Bah Abba ya yaɗa wata dabara ta wannan hanya. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da ɗanyen tsumma. Kayan lambun da kan lalace cikin kwana uku sai su daɗe ba su yanƙwane ba. An ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda wannan aiki.

2. Bango mai yawa cikin abu kaɗan

Gawayi ma yana da kafofi. Hanyoyin da ruwa yake bi cikin itace ne tun yana ɗanye. Wuta ta cinye wani sashe na itacen, ta bar hanyoyin a buɗe. In aka bi da ruwa mai wari ta cikin gawayi, abin da ke kawo warin sai ya manne a bangon kafofi. Yawan bango shi ne yawan abin da za a kama.

Ga misali da lissafi. A yanko sabulu mai fuska shida, kowane gefe santimetir 1. Kowace fuska murabba'in santimetir 1 ce, duka shida sun zama 6. Yanzu a yayyanka shi ƙanana, kowane gefe milimetir 1. Za a sami gutsattsari 1.000. Sabulun bai ƙaru ba, nauyinsa bai sake ba, amma jimlar fuskokinsa ta zama murabba'in santimetir 60. Duk lokacin da aka raba gefe gida goma, fuska tana riɓanya sau goma. Shi ya sa dakakkiyar kanwa take riga dunƙulalliya narkewa.

Akwai gawayin da ake gyarawa a masana'anta domin tace ruwa. Garam ɗaya nasa yakan ƙunshi bangon da ya kai murabba'in metir 1.000. Amma kafofin gawayi da na randa ba su da tsari. Wata babba, wata ƙarama, wata a karkace, wata a toshe, kamar lungunan tsohuwar unguwa. Masana sun daɗe suna neman abin da kafofinsa za su zama daidai wa daida, wanda kuma mutum ne zai zaɓi girmansu.

3. Ma'aunin ƙananan abubuwa

Kowane ɗalibi ya san milimetir, yana bisa abin jan layinsa. In aka raba milimetir gida 1.000, kowane kashi sunansa mikirometir. In aka sake raba mikirometir gida 1.000, kowane kashi sunansa nanometir. Ke nan milimetir ɗaya nanometir 1.000.000 ne.

Kaurin gashin kai ɗaya ya kai kimanin nanometir 80.000. Farcen yatsa yana ƙaruwa da kimanin nanometir ɗaya a kowane sakan. Ruwa kansa tarin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai. In aka jera uku a layi, tsawonsu ya kusa nanometir ɗaya. Ido ba ya ganin irin waɗannan abubuwa. Madubin da ake duba jini da shi a asibiti ma ba ya kai gare su. Sai wani babban madubi mai aiki da lantarki, da wasu na'urori na musamman.

4. Tsaikon ƙarfe

Duk wanda ya ga ana haɗa rufin ɗakin ciyawa ya san tsaiko. Kafin a baibaye shi, ba kome ba ne sai sanduna da ɗauri. Sanda ta haɗu da sanda, a ɗaure. Tsakaninsu fili ne, iska tana wucewa. Duk da haka tsaiko yana tsaye da ƙarfinsa.

Masana sun gina irin wannan tsaiko a ma'aunin nanometir. A wurin ɗauri suna sa ƙwayar ƙarfe: tutiya, ko jan ƙarfe, ko sanholo irin wanda maƙeran kasuwar Katako suke narkawa su zuba tukwane. A wurin sanda suna sa wata doguwar ƙwaya mai karbon, wato sinadarin da ke cikin gawayi da itace. Sandar tana da hannu a kowane ƙarshe. Hannu ɗaya ya kama ƙarfe nan, ɗayan ya kama ƙarfe can. Haka ginin yake tafiya gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, ɗaki bayan ɗaki, duka girmansu ɗaya. Masana suna taƙaita sunan wannan abu da haruffa uku, MOF. A wannan karatu an kira shi tsaikon ƙarfe. A tafin hannu kamar gari yake, wani fari, wani shuɗi, wani ruwan ɗorawa.

Labarinsa a cikin aji ya fara. A shekarar 1974 wani malami mai suna Ricad Robson yana koyarwa a jami'ar Melbon ta ƙasar Ostireliya. Ya sa a fafe masa ƙwallayen katako, a huda su, domin ɗalibai su riƙa soka sanduna suna gane yadda ƙwayoyin abubuwa suke haɗuwa. Sai ya lura da wani abu: wurin da aka yi hudar shi ne yake yanke siffar ginin. In huda tana daidai, gini ba ya kuskure. Ya yi tunani, ashe ƙwayoyin gaskiya ma za su iya haɗa kansu haka. Ya fi shekara goma bai gwada ba. A 1989 ya bayyana tsaikonsa na farko, na jan ƙarfe, mai manyan ɗakuna a ciki. Amma ba shi da ƙwari, da wuri yake rushewa.

A 1997 Susumu Kitagawa na ƙasar Japan ya nuna tsaikon da iska take shiga ta fita bai rushe ba. A 1999 Umar Yagi, a ƙasar Amurka, ya gina wani na tutiya mai suna MOF-5. An gasa shi har digiri 300 ba kome a ɗakunansa, bai faɗi ba. Garam biyu ko uku nasa suna ƙunshe da bangon da ya kai faɗin filin ƙwallo. A ƙasar Faransa kuma akwai Jerar Fere, wanda ya fara aiki yana malamin ƙaramar makaranta. Shi da abokan aikinsa na Barsai sun gina wani mai manyan ɗakuna a 2005, sunansa MIL-101. Yau irin tsaikon da aka gina sun kai dubun dubbai. Ran 8 ga Oktoba 2025 aka ba da sanarwar cewa Robson da Kitagawa da Yagi ne suka ci kyautar Nobel ta ilimin sinadarai.

5. Yadda ƙwaya take girma

Tsaikon ƙarfe yana da siffa biyu. Akwai siffar ciki, wato girman ɗakuna. Wannan tsawon sanda da irin ƙarfe ne suke yanke ta. Doguwar sanda, babban ɗaki. Gajeriyar sanda, ƙaramin ɗaki. Yawancin ɗakunan ba su wuce nanometir ɗaya zuwa uku ba. Akwai kuma siffar waje, wato kamannin kowace ƙwayar garin: ko dunƙulalliya, ko doguwa, ko mai faɗi, ko babba, ko ƙarama. Domin a gane siffar waje, sai a dubi gishiri.

A Bilma ana tara ruwan gishiri cikin ramuka. Rana ta shanye ruwan, gishiri ya fito. Sai a cusa shi cikin fafaffen kututturen dabino, a juye, ya bushe ya zama kantu, ayarin raƙuma su ɗauka. Siffar kantu mazubi ne ya ba shi ita, kamar yadda hannun maginiya yake ba randa tata.

Amma in aka dubi ƙwayar gishiri ɗaya da tabarau mai girmama abu, za a ga tana da fuska shida, kusurwoyinta a tsaye, kamar ƙwayar sukari. Ba wanda ya sassaƙa ta. Ƙananan ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwa ne suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zauna a gurbinta, sahu bisa sahu, kamar tubali a jikin gini.

A nan akwai ƙa'ida wadda ya kamata a riƙe. Ba dukan fuskoki ne suke girma da sauri ɗaya ba. Fuskar da tubali yake saurin hawa kanta tana tsirowa gaba, tana tsukewa, har ta zama tsini ta ɓace. Fuskar da take jinkiri ita ce take saura, ta yi faɗi. Saboda haka fuskokin da ake gani a jikin ƙwaya su ne masu nawa. Wanda ya iya rage saurin wata fuska, ya iya sake siffar ƙwaya.

Tun a 1783 wani masani Bafaranshe mai suna Rome da Lil ya ba da labarin haka. Ya ga gishirin da ya fito daga ruwan da aka gauraya da fitsari ba fuska shida gare shi ba, takwas ne, kamar an haɗa dalar gyaɗa biyu gindi da gindi. Daga baya aka gane dalili. A cikin fitsari akwai ure, wanda manoma suka sani a buhun takin zamani. Shi ne yake canja saurin girman wasu fuskoki. Gishirin bai daina zama gishiri ba, siffarsa kaɗai ta sake.

6. Mai hannu biyu da mai hannu ɗaya

A ma'aunin nanometir ba hannun da zai shiga, ba mazubin da za a fafe. Masani ba ya taɓa ƙwaya. Ruwan da take girma a ciki yake gyarawa, kamar mai dafuwa da ke lura da wuta da ruwa da kayan haɗi. Yana narka ƙarfe da sanduna cikin ruwa ko wani abu mai narkarwa, ya rufe kwalba, sau da yawa ya ɗumama, ya jira. Dabarunsa manya guda uku ne.

Ta farko ta shafi girma. In haɗin ya yi kauri, aka kuma gaggauta shi, ƙwayoyi masu ɗimbin yawa suna tsirowa lokaci ɗaya. Sai su raba abincin da ke akwai, kowace ta tsaya ƙarama. Haka hatsi yake yi in an cika iri a rami ba a rage ba. In kuwa ƙwayoyi kaɗan ne suka tsiro, aka bar su sannu a hankali, sai su yi girma.

Ta biyu ta shafi siffa. An ce sanda tana da hannu biyu. To, akwai wasu ƙwayoyi masu kama da ita amma hannunsu ɗaya. Tsamin da ke cikin binegar yana cikinsu. Mai hannu ɗaya yana kama ƙarfe kamar yadda sanda take kamawa, amma ba shi da hannun da zai miƙa wa na gaba. Duk inda ya zauna, gini ya dakata har sai ya saki. Yara sun san haka a wasan riƙe hannu. In yaron da ke ƙarshen layi yana riƙe da ƙwarya a hannu ɗaya, ba mai iya kama shi, layi ya tsaya daga wannan gefe, ya ci gaba daga wancan.

Mai hannu ɗaya ba ya zama bisa kowace fuska daidai, yana da wadda ya fi so. A 2009 Kitagawa da abokan aikinsa suka zuba tsamin binegar cikin haɗin wani tsaiko na jan ƙarfe. Tsamin ya tare gefuna huɗu, ya bar sama da ƙasa. Ƙwayoyin suka fito dogaye kamar tsinke. In kuma aka sami abin da zai tare sama da ƙasa ya bar gefuna, sai ƙwaya ta baje kamar faifai.

Akwai wani shuɗin tsaiko mai suna HKUST-1, wanda aka fara ginawa a Hon Kon a 1999. A 2011 masanan Kiyoto suka gwada shi da wani mai hannu ɗaya da ake samu cikin man kwakwa da man alayyadi. Da suka zuba kaɗan, ƙwayoyi suka fito da fuska takwas. Da suka ƙara, sai fuska goma sha huɗu. Da suka ƙara kuma, sai fuska shida. Ɗakunan ciki ba su sake ba ko kaɗan. Haka kuma wani tsaiko na tutiya mai suna ZIF-8 yakan fito da fuska goma sha biyu, amma in an ɗiga masa wani abu dangin sabulu sai ya koma mai fuska shida.

Dabara ta uku ita ce ɓarewa. Wasu tsaikon hawa-hawa suke, kamar albasa. Ana gina babbar ƙwaya tukuna, sa'an nan a niƙa ta a hankali, a girgiza ta cikin ruwa har ɓawo ya rabu da ɓawo. A 2014 masanan birnin Daliyan na ƙasar Sin suka sami ɓawon da kaurinsa bai fi kimanin nanometir ɗaya ba. Suka shimfiɗa shi ya zama rariya. Iskar haidirojin, mai ƙananan ƙwayoyi, tana wucewa. Iskar karbon, mai manya, tana tsayawa.

7. Amfanin siffa

Wani zai ce, tun da ɗakunan ciki ɗaya ne, ina ruwan mutum da siffar waje? Ruwansa da yawa.

Da fari, akwai nisan tafiya. Abin da za a kama sai ya shiga ta ƙofa, ya bi ɗaki bayan ɗaki har tsakiyar ƙwaya. A babbar ƙwaya tafiyar tana da tsawo. A ƙarama ko mai faɗi gajeriya ce. Ƙaramar ƙwaya tana saurin cika, tana saurin juyewa, sai ta yi aiki sau da yawa a yini ɗaya.

Na biyu, akwai wurin ƙofofi. A wasu tsaikon ɗakunan a jere suke kamar ramin kara, bakinsu yana fuska biyu kaɗai. In irin wannan ƙwaya ta yi tsawo kamar tsinke, ƙofofi sun yi kaɗan, hanya ta yi nisa. In ta baje kamar faifai, ƙofofi sun yi yawa, hanya ta gajarta.

Na uku, akwai zama wuri ɗaya. Tubali mai kusurwa yana jeruwa ba rata, duwatsun fako kuwa suna barin fili. Garin da ya cika laushi yana dankarewa ya hana iska wucewa, ko iska ta kwashe shi. Saboda haka wani lokaci sai an dunƙula shi ƙanana-ƙanana, ko a shafa shi siriri bisa faranti. Ba a ce ƙarami ya fi kullum ba. Kowane aiki da siffar da ta dace da shi. Ana gwada wasu ƙwayoyi na baƙin ƙarfe domin su ɗauki magani cikin ɗakunansu su kai shi cikin jiki, waɗannan dole su zama ƙanana ƙwarai. Wani kuma mai suna CALF-20 an gwada shi a wata masana'anta a ƙasar Kanada, yana kama iskar karbon daga hayaƙi.

8. Ruwa daga iska

An haifi Umar Yagi a 1965 a birnin Amman na ƙasar Jodan. Iyayensa Falasɗinawa ne ƴan gudun hijira. Yana yaro, ruwan famfo ba ya zuwa unguwarsu kullum, sai an yi kwanaki. Ran da ya zo, dole a yi sammako a cika duk abin da ake da shi. Yaran Yamai da na Damagaram ba su bukatar a yi musu bayanin wannan.

Ko a lokacin hunturu, sa'ad da leɓe yake tsagewa, akwai ɗan ruwa cikin iska. Yagi da abokan aikinsa sun sami tsaikon da ɗakunansa suke kama wannan ruwa. Da dare ana buɗe akwati, iska ta ratsa garin, ƙwayoyin ruwa su shiga ɗakuna su zauna. Da safe a rufe akwatin, a bar shi a rana. Zafi ya kori ruwan, ya fito tururi, ya taru a jikin akwati kamar yadda yake taruwa a murfin tukunya, ya ɗiga cikin kofi.

An gwada haka a hamadar Arizona ta Amurka, aka buga labarin a 2018. Kilo ɗaya na garin ya ba da kimanin garam 100 na ruwa a dare da yini. A 2022 aka gwada wani na sanholo mai suna MOF-303 a wani kwari mai tsananin zafi a jihar Kaliforniya. Kilo ɗaya ya ba da kimanin garam 200, wato kofi guda, ba da wutar lantarki ba, sai zafin rana kaɗai. Da aka haɗa irinsa da fanka da faifan hasken rana, yana cika yana juyewa sau da yawa a yini, abin da ya bayar ya wuce rabin litir. A nan ne saurin shiga da fita yake da muhimmanci, a nan ne kuma girman ƙwaya da kaurin shimfiɗa suke aiki.

Kofi guda ba ya shayar da gida, balle garke. Tsaikon ƙarfe bai maye gurbin rijiya ba, bai maye gurbin famfo ba. Haɗa shi yana cin kuɗi, yana kuma bukatar masana. Amma da yayyafi kogi kan cika. Ƙasar Nijar tana da abu biyu da wannan aiki yake nema: rana mai ƙarfi, da wuraren da rijiya take nesa da rijiya, kamar hanyar Agadas zuwa Bilma. A Yamai kanta, cikin Fabrairu da Maris, laimar iska da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, wato irin iskar da aka yi gwajin a cikinta.

Nazarin rana ba baƙon abu ba ne a Yamai. Abdu Mumuni Jofo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya shugabanci ofishin nazarin ƙarfin rana, ONERSOL, daga 1969. A can aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na dafuwa masu aiki da rana. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992. Shi ma a ƙaramin aji ya fara, da allo da alli.

Ma'anar kalmomi

Kafa: ƙaramar huda a jikin abu.
Laima: ruwan da ke ɓoye cikin iska ko a jikin abu.
Tsingaro: guntun fasasshiyar tukunya.
Tsaiko: sandunan rufin ɗaki da aka ɗaure kafin a sa ciyawa.
Kantu: dunƙulen gishirin Bilma.
Nanometir: kashi ɗaya cikin 1.000.000 na milimetir.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan randa yake sanyi, na jarka ba ya yi?
2. Mene ne bambancin kafofin gawayi da ɗakunan tsaikon ƙarfe?
3. Waɗanne abubuwa biyu ake haɗawa a gina tsaikon ƙarfe?
4. Wace fuska ce take saura a jikin ƙwaya, mai sauri ko mai jinkiri? Don me?
5. Yaya mai hannu ɗaya yake sake siffar ƙwaya?
6. Me ya sa ba a ce ƙaramar ƙwaya ta fi kullum ba?

Lissafi

1. Nanometir nawa ne cikin santimetir 1?
2. Litir ɗaya na ruwa garam 1.000 ne. In kilo ɗaya na gari yana ba da garam 200 a yini, kilo nawa ake bukata a cika jarka mai litir 20?
3. Sabulu mai fuska shida, kowane gefe santimetir 2. Nawa ne jimlar fuskokinsa? In an raba shi gida takwas daidai, nawa ta zama?

Gwaji

A narka gishiri cikin ruwan ɗumi har ya ƙi narkewa. A tace da tsumma mai tsabta. A raba gida biyu. A zuba kashi ɗaya siriri bisa faranti, a ajiye a rana. A zuba ɗayan cikin kofi, a rufe da takarda mai ƴan huda, a ajiye a lungun aji inda ba mai taɓawa. Na rana zai bushe a yini ɗaya. Na lungu sai an yi haƙuri mako ɗaya ko biyu. A dubi ƙwayoyin duka biyu da tabarau mai girmama abu. A zana su cikin littafi. Waɗanne ne suka fi girma? A faɗi dalili.

Wasa

A fita fili. Yara su jeru, su kama hannun juna. A ba yara biyu ƙwarya, kowa ya riƙe a hannu ɗaya. A sa ɗaya a ƙarshen layi. Ta wane gefe layin zai ƙaru? In an sa su a ƙarshe duka biyu fa?

A riƙe

Abu mai kafofi yana da bango mai yawa cikin wuri kaɗan. Tsaikon ƙarfe gini ne na ƙarfe da sanduna masu karbon, ɗakunansa girmansu ɗaya. Sanda da ƙarfe suke yanke siffar ciki. Yadda aka raini ƙwaya shi ne yake yanke siffar waje. Fuskar da aka rage wa sauri ita ce take saura.

Gargaɗi: randa tana sanyaya ruwa, gawayi yana rage wari, amma ba ɗayansu da yake kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan kogi ko na tabki sai an tafasa shi ko an sa masa magani kafin a sha. A riƙa wanke randa, a rufe bakinta, a ware mata moɗa mai tsabta.